Darasi na 7: Tura USDT Daga Walat Zuwa Kasuwar Kirifto

A Kano yanzu ba sai ka yi nisa ba za ka ji ana maganar USDT, wani kuɗin intanet na kirifto. Wasu masu sari a Kantin Kwari da shi suke biyan kuɗin kaya, haka masu waya a Farm Centre, kuma matasan da ke aiki ta intanet da shi ake sallamarsu. Kamfanin Tether ne ya fito da shi a 2014, ya ɗaura farashinsa da dalar Amurka, wato ɗaya a bakin dala ɗaya. Akwai ɗan uwansa USDC. Ba sa hawa da faɗuwa irin na Bitcoin.

Walat manhaja ce ta waya, irin su Trust Wallet, inda kuɗinka ke zaune, makullin yana hannunka. Kasuwar kirifto kuwa can ake saye da sayarwa, can za ka kai USDT ɗinka idan kana son naira. Quidax da Busha sun sami amincewar farko daga hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta Najeriya a watan Agustan 2024. Binance ta daina harka da naira tun Maris na 2024.

Idan ka yi kuskuren tura kuɗi a banki, akwai ofishin da za ka je ka yi ƙorafi. A nan babu. Da ka danna, kuɗi ya tafi, kuma ba manajan da zai juyo da shi. Saboda haka ba a wannan aiki cikin sauri, ko a tsaye bakin titi ana yi maka hon.

Daga kasuwar ake farawa. Buɗe asusunka, danna inda aka rubuta Deposit, ka zaɓi USDT. Za a tambaye ka netwok, wato hanyar da kuɗin zai bi, kuma a nan ne mutane suka fi yin asara.

USDT ɗaya ne, amma hanyoyin da yake bi suna da yawa. Uku ne aka fi sani: TRC20 na Tron, BEP20 na BNB Smart Chain, sai ERC20 na Ethereum. Kamar ka kai kaya tasha ne ka ɗora a motar Katsina, alhali mai karɓa yana jira a Zariya. Kayan sun tafi, amma ba su je hannunsa ba. Don haka ka koma walat ɗinka ka duba abin da aka rubuta kusa da USDT ɗin. Idan Tron ka gani, TRC20 za ka zaɓa a kasuwa. Kada ka zaɓi wata hanya don an ce maka ta fi arha. Wadda kuɗinka ke kai, ita ce taka.

Da ka zaɓi netwok, kasuwar za ta nuna maka adireshin da za ka tura kuɗin, kamar lambar asusu. Adireshin Tron yana farawa da harafin T, kuma haruffa da lambobinsa 34 ne. Na BEP20 da na ERC20 duka da 0x suke farawa, duka 42 ne, ido ba ya raba su. Walat ɗin ma ba za ta hana ka ba, za ta karɓa ta tura. Wasu kasuwanni suna iya nemo irin wannan kuɗi bayan dogon jira da caji, wasu ba sa iyawa.

Kada ka rubuta adireshi da hannu. Kwafo shi daga shafin kasuwar, ko ka ɗauki hoton QR. Bayan ka manna shi a walat, ka gwada shi da na asali: haruffa shida na farko, shida na ƙarshe, da wasu a tsakiya. Akwai muguwar manhaja da ke ɓuya a waya tana musanya adireshin da ka kwafa. Akwai kuma 'yan damfara da ke turo maka ɗan ƙaramin kuɗi daga adireshi mai kama da wanda ka saba, don wata rana ka kwafo nasu daga tarihin walat ɗinka. Shi ya sa kullum daga kasuwar ake ɗauko adireshi.

Kuɗin turawa ba da USDT aka saba cirarsa ba. Kowace hanya da nata kuɗin kirifto: Tron TRX take ci, BEP20 BNB, ERC20 kuma ETH. In babu ɗan abin nan a walat, kuɗin ba zai motsa ba. Wasu hanyoyin, kamar TON, suna iya neman ƙarin lamba da ake kira memo. In kasuwa ta ba ka, dole ka saka.

Yanzu ka tura gwaji. Ko dala 1,000 gare ka, fara da 10, bayan ka duba mafi ƙarancin abin da kasuwar ke karɓa. Na san za ka ce caji biyu ke nan. Haka ne, kuma ni ina ganin ya cancanci a biya. Ka jira har ka gan shi a asusunka, sannan ka tura sauran. Idan ya yi jinkiri, kada hankalinka ya tashi. Kwafi lambar shaidar turawa, wato TxID, ka duba a shafin intanet na Tronscan ko BscScan, za ka ga inda yake.

Kalmomi 12 ɗin da aka ba ka ranar buɗe walat ba sa cikin wannan aiki ko kaɗan. Duk wanda ya same su ya sami kuɗinka. Da yawa cikinmu ɗa ko ƙane ko yaron shagon waya ke taimaka mana, kuma neman taimako ba abin kunya ba ne. Amma ka zauna kusa da shi, wayar tana gabanka, takardar kalmomin tana gida a ɓoye. Wanda ya biyo ka WhatsApp ko Telegram ya ce daga kamfani yake, ka ba shi kalmomin ya gyara maka, ɓarawo ne.

Aikin aji: ku zauna biyu-biyu. Kowa ya buɗe shafin Deposit, ya faɗi harafin farko na adireshin da ya gani da netwok ɗinsa, abokinsa ya duba ko daidai ne. Yau ba wanda zai tura ko sisi.