Ƙananan ayyukan kod, a bar wa ƙirar AI da ke kan kwamfutarka

Salam 'yan uwa masu rubuta manhaja. Ga abin da ya rage mini cin data a ɗan shagona na Farin Gada, nan Jos.

Na girka Ollama, manhajar da ke gudanar da AI a kan kwamfutarka, na sauko da Qwen2.5-Coder, wani AI mai rubuta kod, mai 7B (lambar girmansa ke nan). Nauyinsa bai kai gigabayit 5 ba, kuma sau ɗaya ake sauke shi, daga nan ko babu intanet yana aiki. Kwamfuta mai RAM gigabayit 8 za ta ɗauke shi, amma da nishi. Mai 16 ta fi sakewa. In taka ƙarama ce, ɗauki mai 3B.

Shekaranjiya wata makaranta ta kawo mini lambobin wayar iyayen yara, wasu sun fara da 0, wasu da +234, wasu da tazara a tsakiya. Na liƙa masa layi biyar na misali, na ce ya rubuta mini kod na yaren Python da zai daidaita su. Kafin shayina ya huce ya gama. Abin da ya fi kwanta mini a rai, lambobin mutane ba su bar kwamfutata ba.

Irin wannan ne ƙarfinsa: gajeren umarnin SQL na rumbun bayanai, juya fayil daga tsarin CSV zuwa na JSON, rubuta gwaji ga aiki ɗaya. Kada ka ɗora masa tsarin manhaja gaba ɗaya, zai rikice. Ya taɓa ƙirƙiro mini sunan umarnin da babu shi sam, shi ya sa ba na karɓar komai sai na gwada da hannuna.

Kuma ka jona caji tukuna, yana shan batir sosai.