Yadda Ake Kula da Batirin Babur Don Ya Daɗe

Batirin babur mai ruwa yakan yi shekara 2 zuwa 3, wanda aka rufe shi ruf ba a ƙara masa ruwa kuma yakan kai shekara 3 zuwa 5, amma da yawa ba sa cika wannan wa'adi saboda ana barin su babu isasshen caji. Idan batir ya daɗe a raunane, wani farin gishiri yakan kama farantan dalma da ke cikinsa ya daskare, kuma da zarar ya daskare, caji ba ya iya mayar da batirin yadda yake. Wannan ne babban abin da ya kamata mai babur ya kiyaye.

Mataki na farko shi ne awo. Ka kashe babur, ka bar shi ya huta na wasu sa'o'i, sannan ka ɗora mitar auna wuta a kan batirin. Lafiyayyen batir yakan nuna bolt 12.6 zuwa 12.8. Idan ya sauko ƙasa da 12.4, yana neman caji; idan kuma ya kai 12.0, ya sha wuya ƙwarai. Bayan haka ka tayar da injin, ka ɗan ba shi wuta, ka sake aunawa. Ya kamata mitar ta nuna tsakanin 13.5 da 14.5. Ƙasa da haka, babur ba ya ciyar da batirin; sama da haka, dafa shi yake yi. A duka biyun rektifaya, wato na'urar da ke daidaita wutar da injin ke tura wa batir, ita ce ake fara tuhuma, kuma a ganina asara ce mutum ya sayi sabon batir bai duba ta ba, domin sabon ma haka zai mutu.

Mataki na biyu shi ne tsabtace kan batir. Ka fara kwance wayar baƙa mai alamar ragi, sannan ja mai alamar ƙari. Wannan farin gari ko kore-kore da ke taruwa a bakin noti yana hana wuta wucewa, sai ka goge shi da tsohon burushin haƙori da ruwan da aka dama bekin soda a ciki, ka tsane, ka shafa ɗan giris. Wajen mayarwa, ja ce a gaba, baƙa a baya, kuma a ɗaure su tamau.

Idan batirin mai ruwa ne, ka duba shi sau ɗaya a wata, ka tabbatar ruwan yana tsakanin layin sama da na ƙasa. Tataccen ruwan batir kaɗai ake ƙarawa, ban da ruwan famfo, ban da asid.

Wajen caji, a yi amfani da ƙaramar caja wadda ƙarfinta bai wuce kashi ɗaya cikin goma na girman batirin ba, wato batirin da aka rubuta 7Ah a jikinsa (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da yake ɗauka) a ba shi caja mai ƙarfin kimanin amfa 0.7. Cajar mota mai ƙarfi tana zafafa shi har ya kumbura.

Kada ka danne sitata fiye da daƙiƙa 5 a jere. Ka saki, ka jira daƙiƙa 10, ka sake gwadawa. Ƙarin fitila ko cajar waya da aka jona kai tsaye a batir suna iya tsotse shi ko babur yana kashe, don haka a bi da su ta makulli. Idan kuma za ka ajiye babur fiye da mako biyu, ka cire wayar baƙa, ka ajiye babur ɗin a inuwa, ka riƙa yi wa batirin caji duk wata.