Yadda za ka zama lakcaran soshiyal saikoloji daga nan Jos

Yaran da ke karanta saikoloji a UniJos da yawansu in ka tambaye su ina suka dosa sai su ce asibiti, alhali akwai reshen da garin nan namu ya fi ko'ina buƙata, wato soshiyal saikoloji, nazarin yadda jama'a ke juya tunanin mutum da halinsa. Me ya sa mai hankali yake shiga gungun mutane ya aikata abin da ba zai taɓa yi shi kaɗai ba, me ya sa jita-jita ta fi gaskiya gudu a WhatsApp, irin waɗannan tambayoyin dai. In kana son zama malamin jami'a a fannin, ga yadda hanyar take.

Matakalar ba ɓoyayya ba ce. Digiri shekara 4, ka dage ka fita da fes kilas ko 2:1 don da shi ake ɗaukar giraduwet asistan, sai bautar ƙasa, sai mastas, sai PhD. A wajen aiki kuma, bayan giraduwet asistan sai asistan lakcara, lakcara II, lakcara I, babban lakcara, rida, farfesa, kuma a yawancin jami'o'i in ba ka da PhD a lakcara I za ka maƙale. Ka sa yajin aikin ASUU cikin lissafinka fa, na 2022 kaɗai wata 8 ya ci.

Tun kana lebul 200 ka riƙe kos ɗin ƙididdiga da na hanyoyin bincike da hannu biyu. Na san kowa tsoronsu yake, shi ya sa lokacin furojet ake kwasar data a kai wa wani mai kwamfuta ya buga a SPSS, manhajar ƙididdiga, a biya shi, to ranar kare aiki baƙon farfesa zai ɗora yatsa kan jadawali na 4 a furojet ɗinka ya ce "malam, me wannan lambar take nufi" kuma mai kwamfutar ba ya cikin ɗakin. Koyi SPSS da kanka, in da hali ka ƙara da R, kyauta ne.

Yanzu ga inda maganar take. Ka zaɓi tambaya guda tun a mastas ka zauna a kanta shekaru, kada ka zama mai bin kowace iska, bana shaye-shaye, baɗi damuwar ma'aikatan banki, a ƙarshe ba a san ka da komai ba. Kuma tambayar kada ka kwafo ta daga intanet, ka fita ƙofar gida. Tun rikicin Satumba 2001, da na 2008 da 2010, unguwanni suka rabu tsakanin Musulmi da Kirista, akwai yaron Anguwan Rogo da ya girma bai taɓa cin abinci a Anguwan Rukuba ba, haka ma ta wancan ɓangaren, amma da safe duk a Farin Gada ake haɗuwa kan kwandon tumatir da kabeji ana ciniki ana barkwanci har da bashi. To wannan cuɗanyar ta kasuwa tana rage ƙiyayya ko kuwa a bakin kasuwa take tsayawa? Wallahi wannan kaɗai ya ishi mutum har ritaya.

Ba daga sama za ka fara ba. Gordon Allport a 1954 ya ce haɗuwa tana rage ƙyama amma da sharuɗɗa, a zama daidai wa daida, a sami buri ɗaya, a yi aikin tare, hukuma ta mara baya. A shekarar dai Muzafer Sherif, Baturke ne, ya raba yara maza 22 gida biyu a wani sansani a Amurka ya sa su gasa har suka ƙona tutar juna, kuma zaman cin abinci tare bai sasanta su ba sai da aka yi ta sa su ayyukan da dole su haɗa hannu, kamar gyaran ruwan sansanin da aka tsayar. Karanta Henri Tajfel ma, wanda ya yi nazarin yadda mutum ke fifita 'yan rukuninsa. Na kusa da mu shi ne wanda Alexandra Scacco da Shana Warren suka wallafa a 2018, a Kaduna aka yi, samari Musulmi da Kirista suka yi sati 16 suna koyon kwamfuta, ra'ayinsu kan juna bai canza ba amma waɗanda aka cakuɗa a aji ɗaya ba su nuna bambanci a wasan rabon kuɗi kamar waɗanda aka ware ba. Ni a ganina nan ne ƙofar ɗan Jos take.

Fita fili kuma sai da dabara. Ka fara samun izinin kwamitin ɗa'a na jami'a, sannan ka gaida mai unguwa da shugaban kasuwa kafin ka buɗe jaka. In ka tsaya gaban dattijo da takardar tambayoyi ka ce "Baba, kana yarda da maƙwabcinka na wani addini?" zai dubi katin da ke wuyanka ya ce "ai duk ɗaya muke ɗana, rubuta abin da ya dace," ka tara irin wannan amsar 300 ba ka samu komai ba. Tambaye shi abin da ya aikata, wa ya ba bashi a watan jiya, bikin wa ya je, ina yake sauka in ya hau keke da dare. Kada ka rubuta sunan kowa, kuma ka tafi da abokin aiki daga ɗaya ɓangaren, mata kuma mace ce za ta zauna da su.

Sai wallafa, don ƙarin girma da takardu ake yin sa. Ka guji mujallun nan da ke turo imel su ce biya yau a buga gobe. Tun 2015 da aka maimaita bincike 100 na saikoloji aka ga kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka sake ba da sakamako irin na farko, manyan mujallu suka tsananta, suna son mutane da yawa a samfurinka, wasu har da ka rubuta hasashenka a fili kafin ka tattara data. Ka riƙa zuwa taron ƙungiyar masana saikoloji ta NPA ko da a motar haya ne. In ka samu aiki a jami'ar gwamnati, TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na da kuɗin ƙaro karatu da na bincike, amma ta hannun makarantarku ake nema, saboda haka ka san ofishin da ke kula da shi kuma takardar neman tallafinka ta zama a shirye kafin sanarwa ta fito, wa'adin ba ya da tsawo.