Kafin ka ja hoto ya girma: yadda nake sauya girman hoto da bidiyo a shagona

Wata Hajiya ta shigo shagona da hantsi, ta miƙo mini waya ta ce, "Ɗana, hoton maigidan ne, Allah ya jiƙansa. So nake ka faɗaɗa mini shi a sa a firam, irin babban nan na falo." Na duba, faɗin hoton fiksel 640 ne, tsayinsa 480, ga shi ya sha yawo a WhatsApp har ya gaji. Na ce, "Hajiya, babu na takarda a gida?" Ta ce akwai a akwati. Na roƙe ta ta koma ta ɗauko, ta tafi tana ƙorafin kuɗin adaidaita sahu.

Ga dalilin da ya sa na tura ta. Hoto a kwamfuta tamkar tabarma ce da aka saƙa da ƙananan ɗigo, su ne fiksel, kowanne ɗauke da lambobi uku na ja da kore da shuɗi, daga 0 zuwa 255. In ka ninka faɗi da tsayi sau biyu, gurabe sun ninku sau huɗu, ka ga uku cikin kowane huɗu kwamfuta ce za ta cike su da kintace. Kintacen kuwa lissafi ne: idan wannan ɗigo haskensa 100, na kusa da shi 200, sabon da ya faɗo daidai tsakiyarsu zai samu 150, wanda ya fi kusa da na farko, a rubu'in tazara, ya samu 125. Ni ina kiran abin lissafin cike gurbi. Yana toshe rami, amma gashin gemun da kyamara ba ta ɗauka ba, babu lissafin da zai haifo shi.

Saboda haka kafin na taɓa komai, rabawa nake fara yi. Hoton da za a riƙe a hannu yana son fiksel 300 a kowane inci. Na inci 4 da 6 yana son 1200 da 1800 ke nan, takardar A4 kuma 2480 da 3508. Hoton Hajiya, 640 a raba da 300, inci biyu da 'yan kai zai ba ka, wato ɗan abin da bai fi na fasfo da yawa ba. Firam ɗin bango ana kallonsa daga nesa, 150 ya wadatar. Banar talla ta bakin titi ma da ƙasa da haka tana fita lafiya, kada wani ya sa ka cika kwamfutarka da fayil mai nauyin banza.

In lissafi ya nuna ba makawa sai an sauya girma, sai zaɓen hanya. A manhajar gyaran hoto ta GIMP ka shiga Image, ka taɓa Scale Image. A Photoshop kuma Image Size. Fara duba alamar sarƙar da ke haɗa faɗi da tsayi, ka tabbata a rufe take, in ba haka ba za ka mai da siririn ango gajere mai tumbi. A ƙasa akwai jerin hanyoyi, kuma bambancinsu shi ne yawan fiksel ɗin maƙwabta da kowace ke tambaya kafin ta yanke hukunci kan launin sabon ɗigo.

Ta farko maƙwabci ɗaya take tambaya, wanda ya fi kusa, ta kwafe launinsa yadda yake. Photoshop na rubuta ta Nearest Neighbor, GIMP kuma None. A fuskar mutum masifa ce, sai ka ga kunci kamar an jera bulo. Amma ga lambar QR da ake bugawa a katin gayyata ba ta da na biyu, don ba ta haɗa baƙi da fari su zama toka-toka. Sharaɗi dai ka ninka da cikakkiyar lamba, sau 2 ko 3 ko 4, ban da ɗaya da rabi.

Ta biyu, Bilinear ko Linear, huɗu take tambaya. Tana da sauri, tana kuma barin hoto dishi-dishi kamar an kalle shi cikin hazon hunturu. Ba na amfani da ita.

Wadda nake rayuwa a kanta ita ce mai sha shida, Bicubic ko Cubic. Tana duba fiksel huɗu a kwance, huɗu a tsaye, ta bi lanƙwasar yadda haske ke hawa da sauka maimakon ta ja miƙaƙƙen layi. Siffar da aka fi amfani da ita Robert Keys ne ya wallafa ta a 1981, kuma har yau Bicubic ce FFmpeg, manhajar sarrafa bidiyo, ke ɗauka in ba ka ce masa komai ba. Photoshop ya raba ta: Bicubic Smoother don faɗaɗawa, Bicubic Sharper don ragewa. Ta ragewar nan takan wuce gona da iri a kan fata, ka lura.

Sai Lanczos, mai sunan Cornelius Lanczos, masanin lissafi ɗan Hangari da ya yi wa Einstein aikin mataimaki a 1928. Wadda aka saba da ita tana tambayar shida sau shida, maƙwabta 36. Ta fi kowa kaifi, sai dai tana da hali: inda farar hula ta haɗu da baƙin bango, takan bar siririn zobe mai haske a gefe. Wannan zoben ne ya sa GIMP, tun fitowar 2.10 a 2018, ya kawo NoHalo da LoHalo a madadinta.

Mutane na zaton ragewa ba ta da haɗari, tun da zubarwa kawai ake yi. Nan ne na taɓa jin kunya. Na rage hoton wani ango daga faɗin 6000 zuwa 1000 da wata 'yar manhajar waya, sai yadinsa mai ƙananan ratsi ya fito da wasu igiyoyi masu murɗewa, kamar an zuba mai a kan ruwa. Abokinsa ya ce, "Malam, wannan ba kayan da muka ɗinka ba ne." Gaskiyarsa. Manhajar tana tsallake fiksel ne, ta ɗauki ɗaya ta bar biyar, ratsin da ya fi ƙarfin sabon girman sai ya rikiɗe ya zama zanen ƙarya. Aikin hula da saƙi da ragar taga duk suna yin haka. Maganinsa manhajar da ke haɗa duk fiksel ɗin wurin ta fitar da matsakaici. In ba ka da ita, ka ɗan dusashe hoton kaɗan kafin ka rage, ko ka riƙa rage rabi-rabi har ka iso. Kaifafawa kuma sai a ƙarshe, bayan girma ya zauna, kuma kaɗan.

Sau ɗaya ake sauya girma, daga asali. Ka ajiye asalin a gefe, ka yi aiki da kwafi, domin JPEG duk sanda ka sake adana shi sai ya zubar da wani abu. Mai turo maka hoto ta WhatsApp, ka ce ya turo a matsayin fayil, wato Document, nan ba a matse shi.

Bidiyo hotuna ne a jere, don haka dokar ɗaya ce, da ƙarin tarko biyu. Don rage bidiyon biki daga 1920 da 1080 zuwa 1280 da 720, ga abin da nake rubuta wa FFmpeg:

ffmpeg -i biki.mp4 -vf scale=1280:-2:flags=lanczos karami.mp4

Wannan -2 ɗin yana cewa a lissafo tsayi daidai da faɗi, kuma ya zama lambar da 2 ke rabawa, saboda tsarin matse bidiyo na H.264 irin wanda wayoyi ke kunnawa ba ya karɓar mara. Tarko na farko ke nan.

Na biyu yana cikin tsofaffin faya-fayan DVD da ake kawo mini a juya su zuwa waya. Tsarin talabijin na PAL da muke bi 720 da 576 ne, amma fiksel ɗinsa ba murabba'i ba ne. Wanda aka ɗauka a 4:3 ya kamata ya fito 768 da 576, na 16:9 kuma 1024 da 576. Ka bar shi a 720 ba gyara, amarya da ƙawayenta duk su rame. Ƙari kuma, kyamarorin wancan lokaci rabin layuka suke ɗauka, sannan sauran rabin, shi ya sa hannun mai rawa ke fitowa kamar haƙoran matsefi. Dole a haɗe layukan kafin a sauya girma, in ka fara sauya girma haƙoran sun manne har abada:

ffmpeg -i tsoho.vob -vf "yadif,scale=768:576:flags=lanczos,setsar=1" sabo.mp4

Kada ka ja shi zuwa 1080 don ka burge mai shi. Nauyi kawai za ka ƙara, talabijin ɗinsa ma zai yi wannan faɗaɗawar da kansa.

Kafin Hajiya ta dawo, yaron shagona ya ce mu gwada manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira da ke gyara fuska. Muka gwada. Hoto ya fito tas, ido har ƙyalli yake, amma billen da ke kuncin marigayin ya ɓace, ta ɗauka datti ne ta share. Ita ba matsakaici take fitarwa ba, zana fuska take daga dubban fuskokin da ta koya. Na goge shi.

Bayan la'asar Hajiya ta dawo da hoton takarda, inci 4 da 6, gefensa ya ɗan ci ruwa. Na ɗora shi a sikana a kan fiksel 600 a kowane inci, ya ba ni 2400 da 3600, wanda a 150 ya cika inci 16 da 24 ba tare da na ƙara fiksel ko ɗaya ba. Na gyara gefen, na ɗan kaifafa, na buga. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta sa yatsa a kan billen ta ce, "Shi ne. Nawa ne kuɗinka?"