Darasi na Bakwai: Cin Abinci cikin Natsuwa

Ciki ba ya gaya wa mutum ya ƙoshi nan take. Daga lomar farko zuwa lokacin da saƙon ƙoshi zai kai ƙwaƙwalwa, akan ɗauki kamar minti 20. Wanda ya share malmala uku cikin minti bakwai ya gama ci tun jikinsa bai ba shi labari ba. Sai ya wanke hannu ya miƙe sannan nauyin ya sauko masa: cikin ya yi tam, ga gyatsa, ga kasala, zaman tahiya ma da ƙyar.

Tuwo yana da nasa hali a nan. Ba a cika tauna shi ba. A gutsuro, a mulmula, a dangwala miyar kuka ko kuɓewa, yauƙin ya zarce da shi. Saboda haka mai cin tuwo ya fi mai cin dambu ko wake saurin cika ciki. Tuwon ba shi da laifi, hannun ne ke buƙatar linzami.

Yadda ake yi

A wanke hannu da sabulu, a zuba ruwan daga buta. Kwanon wanke hannu ɗaya da kowa zai tsoma hannu a ciki, dattin na farko yake rabawa har na ƙarshe. A zauna, a yi bisimilla, a ajiye waya. Mai ci yana kallon waya ba ya sanin yawan abin da ya shiga bakinsa.

Kafin lomar farko, ka tambayi kanka: yunwa nake ji, ko ƙishirwa, ko dai marmari? A lokacin bazara sau da yawa ƙishirwa ce, kofi ɗaya na ruwa zai raba gardama. Yunwar gaske a hankali take zuwa, kuma ko ɗumame aka ba ta za ta karɓa. Marmari kuwa farat ɗaya yake tasowa, yana kuma da zaɓi: ƙamshin tsire ya ji, tsire yake so.

Sai a yi loma ƙarama, wadda yatsu uku za su ɗauka. Kada hannu ya koma kwano sai an haɗiye ta baki. Abin da ke buƙatar tauna, kamar wake, zogale, rama, nama ko gyaɗa, a tauna shi har ya yi laushi, domin narkar da abinci a baki yake farawa: yawu ne ke soma aiki a kan hatsi tun kafin ya kai ciki. Idan an ci rabi, a dakata, a kurɓi ruwa, a saurari cikin. Wurin tsayawa shi ne inda yunwa ta tafi amma mutum zai iya tashi ya kama aiki. Ma'aunin da muka sani ne a hadisi: kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Santi ba haramun ba ne, amma mai santi ya riƙa duban kwano.

Kada a fahimci wannan a matsayin horon yunwa. Manomin da ya wuni yana huɗa a damina, ko mai ban ruwa a fadamar Kadawa ko Haɗeja, jikinsa na neman abinci mai yawa, kuma ya ci. Wanda ya wuni zaune a shago ba zai ci daidai da shi ba.

Kwanon taro

Nan ne wurin da ya fi muhimmanci a ƙauyukanmu, don yawancinmu ba mu ci mu kaɗai. Cin taro yana da albarka da zumunci, amma yana da wani lahani da ba a cika lura da shi ba. A kwano ɗaya mai sauri ya kan ci fiye da buƙatarsa, marar sauri kuma ya tashi da yunwa. Dubi yara biyar a gaban langa ɗaya. Ɗan shekara goma ya yi loma huɗu kafin ɗan shekara biyu ya gama hura ta farko. Kwano ya ƙare, uwa ta ga an suɗe tas, ta ɗauka kowa ya ƙoshi. Bayan 'yan watanni sai a ga ƙaramin yana ramewa, gashinsa ya yi ja, a ce shawara ce ko haƙori.

Yaron da bai kai shekara biyar ba, sai a zuba masa nasa daban, a ƙaramin kwano, babba ya zauna kusa da shi. Ta haka ne kawai za a san abin da ya ci. Jariri nonon uwa zalla zai sha har wata shida, ba ruwa ba kunu. Daga wata 6 zuwa 8 a ba shi abinci mai kauri sau biyu zuwa uku a rana, daga wata 9 zuwa 23 sau uku zuwa huɗu, ana ci gaba da shayarwa. Kunun ya yi kaurin da zai zauna a cokali, a sa masa garin gyaɗa ko waken suya. Tsararo ruwa ne kawai yake cika ɗan cikinsa. In ya kau da kai ko ya rufe baki, a ɗan jira a sake gwadawa da lallashi. Ɗura da toshe hanci haɗari ne: kunu na iya bi ta hanyar iska ya shiga huhu.

Tsohon da haƙoransa suka zube shi ma a ware masa nasa, a dafa ya yi laushi. Haka mai ciki da mai shayarwa. Su ne jikinsu ya fi buƙata, kuma su ne suka fi cin saura, a tsaye, a bakin murhu, bayan an sallami kowa. Amaryar da ke gidan surukai kunya kan sa ta tsame hannu da wuri. Maigida da uwar miji su ne za su iya gyara wannan da kalma ɗaya. Uwargida kuma ta kwashe nata tun lokacin da take rabon tuwo.

Abin da hannu ke zubawa ba a auna ba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babban mutum zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe. Wannan ya haɗa da duk gishirin da ke cikin miya, yaji, ƙuli-ƙuli da burodi. Dunƙulen magi kuwa kusan rabinsa gishiri ne, kanwa ma tana ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri. Mai girkin da ta zuba gishiri, ta marmasa dunƙule biyar, sannan aka barbaɗa yaji a kai, ta sa gishiri sau uku. Yawansa na jawo hawan jini, shi kuma hawan jini ba ya ciwo sai ya yi ɓarna. A riƙa aunawa da cokali, a ɗanɗana kafin a ƙara, a rage kaɗan-kaɗan. In aka yanke rana ɗaya mutanen gida za su ce miya ta yi lami, a koma gidan jiya. In aka bi a hankali, cikin 'yan makonni harshe zai saba. Daddawa, albasa, citta, tafarnuwa da busasshen kifi suna ɗaga miya.

Sukari kuma kada ya wuce giram 50 a yini, wato kamar cokalin shayi 12, in ya tsaya a 6 ya fi. Lemon kwalba ɗaya na ɗauke da kusan cokali 9. Ƙirga na koko da safe, na fura da rana, na shayi da dare, za ka ga inda lissafin ya kai. Shayin nan ma a raba shi da abinci da kamar awa ɗaya, domin yana rage wa jiki samun sinadarin ƙarfe da ke gina jini. Gwaiba, lemon zaƙi ko tumatir tare da abinci su kuwa taimakawa suke yi.

Ido ma ya yi aikinsa. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna, ta canza launi ko take ɗaci, a zubar. Gubar da ke cikinta na lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Ɗumame ya tafasa har cikinsa kafin a ci.

Dare, azumi da masu ciwo

Tuwon dare shi ne babban abincin yawancin gidaje. A bar awa biyu zuwa uku tsakaninsa da kwanciya, in ba haka ba ruwan ciki mai tsami ya taso ƙirji, shi ne ƙwannafi. Da azumi a buɗe baki da dabino da ruwa ko ɗan kunu, a yi Magariba, sannan a dawo a ci.

Mai ciwon suga da ke shan magani kada ya tsallake abinci da sunan ragewa. Sugansa na iya faɗuwa, ya ji rawar jiki, gumi da jiri. Ya bi tsarin da ma'aikacin lafiya ya ba shi. Wanda abinci ke tsaya masa a maƙogwaro, ko yake ramewa ba dalili, ko yake aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin, ko yake yawan ƙishirwa da fitsari, ya tafi asibiti, kada ya tsaya gyaran loma.

Aikin gida

1. Rubuta duk abin da ka ci da abin da ka sha jiya, daga karin kumallo zuwa kwanciya.
2. Yau da dare duba agogo a lomar farko da ta ƙarshe. Minti nawa ka yi?
3. Gida mai manya takwas, cokalin gishiri nawa ne iyakarsu a yini?
4. A gidanku wa ke ci a ƙarshe? Ku tattauna a aji mako mai zuwa.