Darasi na 9: Ɗora Gajeriyar Mota Kan Tudun Hawa Don Gyara a Gida

Ƙananan motoci irin su Corolla, Civic, Golf da Fijo 406 cikinsu kusa yake da ƙasa. Tsakanin ƙasa da cikin irin waɗannan motoci bai cika wuce santimita 15 ba, wato bai ko kai taƙi guda ba. In motar ta tsufa, an kuma saba yi mata lodi, sai ta ƙara zaunawa. Babban mutum ba zai iya kutsawa ƙarƙashinta ya juye baƙin mai ba sai an ɗaga ta.

Bakanike yana da rami a garejinsa. Kai a gida ba ka da shi. Shi ya sa wasu ke ɗaga motar da jak ɗin canjin taya su shige ƙarƙashi, wasu kuma su jera bulo. Don Allah kada ka yi ko ɗaya daga cikin biyun nan. Jak ɗin da ke zuwa da mota an yi shi ne don canjin taya kawai, ɗan girgiza kaɗan ya isa ya zame. Bulo kuwa ba ya yin gargaɗi, farat ɗaya yake wargajewa. Corolla ta fi kilo 1,000 nauyi, kuma mafi yawan nauyin a gaba yake, inda inji yake, inda kuma ƙirjinka zai kasance.

Abin da za mu koya yau shi ne tudun hawa. Abu ne guda biyu, na ƙarfe ko na roba mai ƙwari ko na katako, kowane da gangare a gaba da wuri mai faɗi a sama. Ana ajiye ɗaya a gaban kowace tayar gaba, mota ta hau da kanta ta zauna a kan tayoyinta.

Auna kafin ka saya

Matsalar gajeriyar mota ita ce bamba. Tudun ƙarfe da yawa gangarensu ya yi tsaye, yana tashi kusan santimita 30 a kowace mita. Kafin taya ta iso gindin tudun, bamba ta riga ta buge shi. Ko dai ta tsage, ko ta riƙa tura tudun gaba. Gajeriyar mota dogon tudu take so, mai kwantaccen gangare, wanda ba ya tashi fiye da kamar santimita 17 a kowace mita.

Ga yadda za ka san abin da motarka za ta iya hawa. Nemo miƙaƙƙiyar sanda da ta ɗara mita ɗaya. Cusa bakinta ƙarƙashin tayar gaba, daidai inda taya ta taɓa ƙasa. Ɗaga ɗaya bakin a hankali har sandar ta taɓa ƙasan bamba. Yanzu wani ya auna mita ɗaya daga taya, ya kuma auna daga ƙasa zuwa sandar a daidai wurin. In ya sami santimita 20, to duk tudun da ya tashi fiye da haka a mita ɗaya ba na motarka ba ne. Rubuta lambar a takarda, ka tafi da ita kasuwa tare da abin awo.

Akwai lambobi biyu kuma da za ka karanta. Ta farko tana jikin taya. Za ka ga an rubuta kamar haka: 195/65 R15. Lambar farko, 195, faɗin tayar ke nan a milimita, wato santimita 19 da rabi. Dole tudun ya fi wannan faɗi, yadda taya za ta zauna ba gefenta a waje. Ta biyu tana jikin tudun, ita ce nauyin da zai iya ɗauka. Duba da kyau ko na guda ɗaya ake nufi ko na biyun a haɗe. Wanda ba a rubuta masa komai ba, ko wanda waldarsa ta tsage, ko tsatsa ta ci ƙafarsa, bar wa mai shi kayansa komai arharsa.

Na katako

A ganina tudun katako ya fi dacewa da gajeriyar mota, domin kai za ka yanke wa kanka gangaren. Je wurin kafinta da wannan awo. Katako mai ƙwari, kauri inci 2, wato santimita 5, faɗi inci 10 ko 12. A yanka guda huɗu: santimita 150, da 120, da 90, da 60. A shimfiɗa dogon a ƙasa, a ɗora sauran bi da bi, ƙarshensu na baya daidai da juna, sai gaban ya zama kamar matakala. Kowane mataki ya tashi santimita 5 bayan tafiyar santimita 30. A fiƙe bakin kowane mataki don taya ta hau ba gargada. A haɗa su da dogayen ƙusoshi masu yawa. A can ƙarshen na sama a kafa guntun katako mai kauri a gicciye, shi ne zai tare taya kada ta zarce. Irin wannan guda biyu za a yi.

Tsayinsa santimita 20 ke nan. Haɗa da 15 na motar, ka sami sararin da hannu da sifana za su yi aiki. Kada a sa katakon da gara ta taɓa ko mai tsaga, kuma kada a bar rami a cikinsa don tsimin katako.

Hawa

Wuri shi ne farko. Daɓen siminti mai ƙwari, wanda ba gangare. Kan yashi ko jiƙaƙƙiyar ƙasa tudun zai nutse ta gefe ɗaya. In daɓen yana da santsi, shimfiɗa tsohon tub na taya ko tabarmar roba a ƙarƙashin tudun don kada ya gudu.

Miƙe sitiyari. Tura kowane tudu har ya manne da taya, tayar a tsakiyarsa. Ka sami mai duba maka, amma ya tsaya a gefe. Kada ya kuskura ya tsaya a gaban mota. Sa giya ta ɗaya, ka hau a hankali, ba taka totur da ƙarfi. Mai otomatik ya bar ƙafa kusa da birki. Da ka ji motar ta daidaita a sama, ko mai dubawa ya ɗaga hannu, taka birki. In taya ɗaya ta karkace, kada ka ce a gyara a sama. Koma baya, ka sauka, ka sake.

Sai ka ja birkin hannu sosai. Otomatik a sa ta a P, mai kuloci a bar ta a giya ta ɗaya. Kashe inji, zare makulli ka sa a aljihunka, don kada wani ya zo ya tayar. Sa weji, wato abin da ake tokare taya da shi don kada ta gangara, a bayan tayoyin baya duka biyu. Daga nan kama motar ka girgiza ta da ƙarfinka. In za ta motsa, gara ta motsa kana tsaye. Yana da kyau ka tura safayar taya ko kututturen katako ƙarƙashin gefen motar a matsayin kariya ta biyu. Kore yara, kuma kada ka yi aikin ba kowa a gida.

Juyen mai

Bari inji ya yi aiki 'yan mintoci kafin hawa, mai ɗumi ya fi saurin zuba. Amma ka yi hankali da salansa, tana ƙona fata nan take. Kada ka bar inji a kunne cikin rufaffen gareji, hayaƙinsa yana kisa ba tare da mutum ya ankara ba.

Notin juye mai na Corolla yawanci sifana 14 yake ci, na Honda 17. Tabbatar na inji ka kama, ba na giya ba. Man giyar otomatik galibi ja-ja yake. In ka ga ja na fitowa, mayar da notin maza. Ajiye roba mai faɗin baki, ka kwance notin saɓanin juyin hannun agogo. In man ya tsiyaye, mayar da notin da sabon wosha, ɗauri daidai, ba na ƙarfin tsiya ba. Sabuwar filta a shafa wa robarta ɗan mai, a ɗaure ta da hannu. Sai ka zuba sabon mai a injin. Irin waɗannan injina suna shan kusan lita 4, amma littafin motarka ne zai faɗa maka daidai.

Kada ka amince da awon mai motar tana sama, domin a karkace take. Kwashe kayan aiki, leƙa ƙarƙashi da baya, cire weji, ka sauko a hankali da ƙafa a kan birki. Kunna ta minti biyu, kashe, jira kaɗan, sannan ka zaro sandar awo. Duba ƙasa ko akwai ɗigo. Tsohon man a zuba shi a jarka a kai wa bakanike, kada a zubar a kwata ko kusa da rijiya.

Tudun hawa ba ya aikin da sai an cire taya, kamar gyaran birki ko shokazoba, tunda tayar ce ke ɗauke da motar. Wannan sai a kai gareji.

Aikin gida

1. Kwafo lambobin da ke jikin tayar wata mota. Nawa ne faɗinta a santimita?
2. Haɗa 150 da 120 da 90 da 60. Santimita nawa na katako tudu ɗaya zai ci? Biyu fa?
3. A ina mai duba maka zai tsaya, kuma don me?
4. Rubuta abubuwan da za ka yi bayan mota ta hau, kafin ka shiga ƙarƙashinta.