Kurakuran da aka fi yi kan ganin duhu da ɓuya a wasan Dungeons & Dragons

Idan matasa suka zauna buga wasan tebur da kowa ke taka rawar jarumi a labari, ana jefa ƙwaya mai lambobi don yanke sakamako, wato Dungeons & Dragons a Kano, ko a zaure ko a ɗakin kwanan ɗalibai, babu gardamar da ta fi cinye musu lokaci kamar ta wane ne ke ganin wane. Bisa dokokin bugu na biyar na 2014, tushen ruɗanin ɗaya ne: ana duba baiwar da ɗan wasa yake da ita, a manta da tambayar abin da ya rufe wanda ake nema, ko duhu ne, ko hazo, ko bango.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar ganin duhu tamkar fitila. Mai wannan baiwa, wadda galibi iyakarta ƙafa 60 ce, yana ganin duhu ne kamar haske mai rauni, kuma ba ya bambance launi. Haske mai rauni kuwa yana da hukuncinsa: duk binciken da ya dogara da ido, sai a jefa ƙwaya mai fuska 20 sau biyu a ɗauki ƙaramar lamba, sannan a rage maki 5 daga lurar da mutum ke yi ba tare da jifa ba. Jagororin wasa, wato masu tafiyar da labarin da yanke hukunci, da dama suna tsallake wannan ragi, shi ya sa ɓarawon da ya laɓe a kogo ba ya tsira a teburinsu, alhali doka tana bayansa. Haka kuma ganin duhu ba ya ratsa duhun da sihirin nan mai suna Darkness ke haifarwa, mai faɗin ƙafa 15 daga tsakiya.

Hazo ma yana ruɗa mutane. Duk wanda ya bi titin Zariya da sassafe a tsakiyar hunturu ya san kaifin ido ba ya maganin ƙura, kuma haka dokar take. Ko ganin haƙiƙa, wanda ke tona halittar da ta ɓace wa ido, ya ratsa duhun sihiri, ya fallasa siffar bogi, ba a ba shi ikon ratsa hazo ko bango ba. Abin da ke aiki cikin hazo shi ne tsinkaye ba da ido ba, irin na jemage, shi ma iya tazarar da aka rubuta masa, kuma jemagen da aka kurmantar ya rasa shi ɗungurungum.

Jin girgizar ƙasa, wata baiwar ta daban, yana nuna inda abu yake ne kawai, muddin mai baiwar da abin suna taka ƙasa ɗaya. Ba ya kama mai tashi sama, kuma gyaran dokoki na 2024 ya fayyace cewa ba gani ba ne, don haka sihirin da ya shardanta ganin abokin gaba ba zai yiwu da shi ba.

Sai batun ɓacewa daga ido, wadda ake ɗauka daidai take da ɓuya. A dokar 2014, wanda ya ɓace ana iya jin takunsa ko a ga sawunsa, kuma sai ya yi jifan ɓuya ya ci kafin a rasa inda yake. Idan biyu suka gwabza cikin hazo ba mai ganin wani, rangwamen mai kai hari daga ɓoye (jifa biyu a ɗauki babbar lamba) da tarar mai dukan abin da bai gani ba (jifa biyu a ɗauki ƙarama) suna soke juna, sai kowa ya jefa ƙwaya sau ɗaya kamar kullum.